FASHIN BAƘI: Yadda amsar aro ta kayar da zakaran darar duniya cikin motsi 32

A ranar 7 ga Oktoban 2004, a wani ƙaramin gari mai suna Brissago da ke bakin tafkin Maggiore a kudancin ƙasar Siwizalan, zakaran duniya na wasan darar ces, Vladimir Kramnik ɗan ƙasar Rasha, ya zauna gaban allo da amsarsa a aljihu. Shi da mataimakansa sun riga sun tsara yadda wasan zai tafi tun daga masauki, kwamfuta kuma ta nuna musu cewa hanyar da suka zaɓa mai ɓullewa ce. Saboda haka ya riƙa tura 'ya'yan dararsa cikin hanzari, har ya kai ga sadaukar da sarauniyarsa, wadda ita ce mafi ƙarfi a kan allo, bisa abin da aka tsara.

Abokin karawarsa, Peter Leko ɗan ƙasar Hangari, ya dafe kai yana lissafi, agogonsa yana ta cin lokaci. A motsi na 25 ya hango abin da kwamfutar ba ta kai ga gani ba. Motsi bakwai bayan haka zakaran duniya ya miƙa wuya.

Fiye da shekara 20 ke nan masana suna komawa kan wannan wasa, domin ya tara tambayar da ke gaban duk mai neman nasara a wasa ko jarrabawa ko zaɓe: wane shiri ne ke tsayawa da mai shi ranar gumurzu, wane ne kuma ke juya masa baya? Tambayar ta shafi matasan Boɗinga da Shagari a Jihar Sakkwato kai tsaye, domin wayar da ke hannun da yawa daga cikinsu a yau za ta iya ɗaukar manhajar dara wadda ta fi ta tawagar Kramnik ƙarfi nesa ba kusa ba. Samun amsa ya zama abu mai araha. Abin da ya rage da tsada shi ne sanin ko amsar za ta riƙe.

Darar gida da darar duniya

Wanda ya tashi a garuruwan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, daga Boɗinga zuwa Shagari da Tambuwal, ba baƙo ba ne ga dara. Kamar a sauran ƙasar Hausa, akan haƙa gurbi 30 a ƙasa, layi biyar ta wannan gefe, shida ta wancan. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wannan ya riƙe tsakuwa, wancan ya riƙe guntayen kara. Ƙa'idoji kan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, amma ginshiƙin ɗaya ne. Da farko ana ajiye 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa karon, ba tare da an yarda wani ya jera uku ba. Idan duka 24 sun sauka, gurbi shida ne kawai za su rage fayau. Daga nan ake fara turawa, wanda duk ya jera uku a layi sai ya cire ɗan abokin karawarsa guda.

Gwanayen dara sun san cewa mafi yawan wasanni tun a wurin ajiye 'ya'ya ake cin su. Wanda ya yi zubi mai kyau ya tanadar wa kansa hanyoyin jeri, ya kuma toshe na abokinsa tun kafin a tura ko ɗa guda. Wanda ya kwaikwayi zubin wani gwani ba tare da ya san dalilin kowane gurbi ba kuwa, da zarar abokin karawa ya sauya masa hannu sai ya rasa inda zai dosa.

Darar ces, wadda Larabawa ke kira shaɗaranji, ta samo asali ne daga Indiya wajen ƙarni na shida, ta bi ta Farisa ta shiga ƙasashen Musulmi kafin ta isa Turai. Ko a Najeriya tana da tsohon sawu, domin a Borno an buga wani nau'inta da ake kira tsatsarandi. Allonta yana da gida 64. Layukan tsaye suna da haruffa daga a zuwa h, na kwance suna da lambobi daga 1 zuwa 8, don haka kowane gida yana da suna, kamar d3 ko a8. Ɓangare guda yana riƙe da farare, shi ne kuma ke farawa, ɗayan yana riƙe da baƙaƙe. Kowannensu yana da sarki ɗaya, sarauniya ɗaya, hasumiya biyu, giwa biyu, doki biyu da dakaru takwas. A ƙiyasin da aka saba, dakare maki 1 ne, doki da giwa maki 3 kowanne, hasumiya maki 5, sarauniya maki 9. Dakaren da ya ratsa allo ya kai layin ƙarshe yakan zama sarauniya. Sai dai duk wannan lissafi hanya ce kawai. Wasa yana ƙarewa ne idan aka ritsa sarki ya rasa mafita, ko da rundunarsa ta fi ta abokin gaba yawa.

Matakin farko na wannan wasa, wanda ake kira buɗi, shi ne takwaran ajiye 'ya'ya a darar gida. Bambancin shi ne a darar ces an shafe ɗaruruwan shekaru ana rubuta buɗe-buɗen, ana ba su sunaye, ana bin rassansu har zuwa motsi na 20 ko fiye.

Yaƙin da ake yi a masauki

A gasar cin kambun duniya mutum biyu ake gani a gaban allo, amma kowannensu akwai tawaga a bayansa. Watanni kafin gasa, mataimakan sukan tattara duk wasannin da abokin karawa ya taɓa bugawa, su gano buɗin da ya fi so da wanda yake gudu, sannan su nemi wani sabon motsi da ba a taɓa gwadawa ba, su ɓoye shi sai ranar da za a buƙace shi. Amfanin hakan biyu ne. Mai shiri yana samun matsayi mai kyau a kan allo, yana kuma samun lokaci, domin a Brissago kowane ɗan wasa yana da sa'o'i biyu ne na motsi 40 na farko. Wanda ya zo da hadda yana buga motsi cikin daƙiƙoƙi, wanda aka yi wa ba-zata kuwa sai ya ƙona mintoci masu yawa a kan motsi guda.

Kramnik ya fi kowa sanin darajar wannan aiki, domin da shi ya hau karaga. A Landan a shekarar 2000 ya karɓe kambu daga hannun Garry Kasparov da maki 8.5 da 6.5, ba tare da an ci shi ko wasa ɗaya ba. Makaminsa shi ne wani tsohon buɗi da ake kira Kariyar Balin, wanda manyan 'yan wasa suka daɗe da yin watsi da shi. Shi da tawagarsa suka tono shi, suka gyara, Kasparov ya yi ta kai farmaki bai iya fasa shi ba.

Gasar 2004 ta zo ne a lokacin da sarautar dara ta rabu gida biyu tun 1993, hukumar dara ta duniya FIDE tana da nata zakara, Kramnik kuma yana riƙe da kambun da ya gada daga Kasparov. Leko, wanda ya zama babban gwani yana ɗan shekara 14 a 1994, ya sami damar ƙalubalantarsa bayan ya lashe gasar Dortmund ta Jamus a 2002. An tsara wasa 14, kuɗin gasa faran miliyan ɗaya na Siwizalan, da sharaɗin cewa idan aka yi kunnen doki mai riƙe da kambu ne zai ci gaba da riƙonsa. Kramnik ya ci wasan farko, Leko ya rama a na biyar. Da aka zo wasa na takwas kowa yana da maki uku da rabi, farare kuma suna hannun Kramnik.

Tarkon da ya fara kama mai shi a 1918

Buɗin da aka buga a wannan rana reshe ne na Buɗin Sifaniya, ana kiransa Harin Marshall. A motsi na takwas mai baƙaƙe yakan tura dakarensa na tsakiya zuwa d5, ya bar wani dakaren a ci shi kyauta. A madadin haka sai 'ya'yansa su fito da wuri su yi wa sarkin farare taron dangi, alhali hasumiya da giwa da dokin farare na ɓangaren sarauniya suna zaune a gidajensu na asali ba su motsa ba.

Sunan ya samo asali ne daga Frank Marshall, zakaran Amurka, wanda ya gwada wannan hari kan José Raúl Capablanca ɗan ƙasar Kyuba a birnin Niyok a 1918. Ana ba da labarin cewa Marshall ya daɗe yana ɓoye dabarar yana jiran Capablanca. Abin da yake tabbas shi ne Capablanca ya karɓi dakaren, ya warware kowace barazana a gaban allo, ya kuma ci wasan. Wato tun ranar da harin ya yi suna, mai dogon shiri ne ya sha ƙasa a hannun mai lissafin nan take. Duk da haka magada sun inganta shi, har ya zama ɗaya daga cikin buɗe-buɗen da masu farare suka fi shakka. A wasannin da suka gabata a Brissago, Kramnik ya riƙa kauce masa. A wasa na takwas ya shiga cikinsa da gangan, alamar cewa ya zo da wani abu a hannu.

Yadda wasan ya gudana

Motsi 14 na farko sun bi hanyar da kowane gwani ya haddace. Kramnik ya ci dakaren, sarauniyar Leko kuma ta kutsa har gidan h3, daf da sarkin farare. A motsi na 15 Kramnik ya ɗaga hasumiyarsa zuwa e4 da nufin ya kai ta h4 ya kori sarauniyar. Leko ya tura dakare zuwa g5 ya tare hanyar. A ido dakaren ya zama nama ga giwar farare, amma da ta ci shi, sarauniyar baƙaƙe za ta koma f5 ta auna giwar da hasumiyar a lokaci guda.

A motsi na 16 Kramnik ya kawo sarauniyarsa f1 yana neman a yi musayar sarauniyoyi, domin wanda ya fi yawan dakaru ribarsa ce allo ya yi sauƙi. Leko ya ƙi, ya ja tasa zuwa h5. Jim kaɗan giwar Leko ta auna hasumiyar e4, Kramnik ya bar ta a wurin ya tokare ta da dakare, yana tayin a ci hasumiya a ba shi giwa da ƙarfin tsakiyar allo. Nan ma Leko ya ƙi tayin. Aka yi musayar hasumiya ɗaiɗai a motsi na 20. Duk wannan lokaci Kramnik yana bugawa da sauri, Leko kuwa lokacinsa yana ta zurarewa, ga sauran motsi kusan 20 kafin a ƙara masa wani.

Daga motsi na 21 dabarar da aka dafa a masauki ta fito fili. Kramnik ya saki dakarensa na layin a, wanda ke can gefen allo. Dakaren ya ci wani a b5. Leko ya saukar da giwarsa d3 ta auna sarauniyar farare. A nan ne hanya ta rabu. Masu sharhi sun nuna daga baya cewa da Kramnik ya mayar da sarauniyarsa d1, da wasan ya nufi canjaras ta hanyar maimaita motsi. Amma takardar shiri ta ce f2, can kuwa ya kai ta. Hasumiyar Leko ta faɗo e2, Kramnik ya ci ta da sarauniya, giwa ta ci sarauniyar, dakaren nan kuma ya sake cin wani a a6.

Ga yadda lissafi yake a wannan gaɓa. Kowane ɓangare yana da giwa biyu da doki ɗaya. Leko yana da sarauniya da dakaru huɗu. Kramnik yana da hasumiya da dakaru bakwai, ɗaya daga cikinsu saura taku biyu ya zama sarauniya, kuma Leko ba shi da sauran hasumiyar da za ta tsare layinsa na baya. Idan ya tsaya tare dakaren, harinsa ya mutu, farare su fito da sauran rundunarsu a natse. Wannan shi ne abin da kwamfutar ta gani, ta ce farare ne da rinjaye.

Leko bai tare dakaren ba. A motsi na 25 ya zura sarauniyarsa zuwa d3, tsakiyar gidan farare, ya bar dakaren ya yi abin da ya ga dama. Hujjarsa ita ce: idan dakaren ya taka a7, sarauniyar baƙaƙe za ta yi wa sarki barazana daga e3, giwa ta sadaukar da kanta a f3 ta fasa katangar dakaru, sarauniya ta sake barazana daga e2, sannan doki ya sauka g4 a hankali, ba tare da ya ci komai ba. A nan farare za su sami sabuwar sarauniyarsu a a8, har ma da barazana ga sarkin baƙaƙe. Sarkin zai gusa gida ɗaya kawai zuwa g7. Sabuwar sarauniyar tana can nesa, ba za ta iya dawowa kan lokaci ba, kuma a motsi na 33 doki zai ritsa sarkin farare a lungu.

Kramnik ya ga haka a gaban allo, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ya gwada fitar da sarkinsa zuwa f2. Leko ya sadaukar da giwa, ya bi da doki, sarauniyarsa ta ratsa ta c3 ta cinye hasumiyar a1, ta kuma tsaya a bayan dakaren da aka ɗora wa dukkan buri. A motsi na 32 wasa ya ƙare.

Akwai wani abin lura da ya taƙaita wasan gaba ɗaya. Hasumiyar farare ta a1 an cinye ta ne a gidan da aka ajiye ta tun farko, giwarsu ta c1 kuwa har aka tashi ba ta taka ko gida ɗaya ba. Maki takwas ke nan da suke cikin lissafi amma ba su shiga yaƙi ba.

Abin da ya ruɗi kwamfuta

Kwamfutocin wancan zamani ba kanwar lasa ba ne. Deep Blue ta doke Kasparov a 1997, Kramnik da kansa ya yi kunnen doki 4 da 4 da manhajar Deep Fritz a Bahrain a 2002. Sai dai manhaja tana da iyakar hange. Takan bi rassan motsi zuwa wani zurfi gwargwadon lokacin da aka ba ta, idan ta kai nan sai ta tsaya ta ƙirga abin da ke kan allo ta ba da hukunci. Duk abin da ke bayan wannan iyaka, a wurinta babu shi.

A wannan matsayi ritsa sarkin yana nesa da motsi takwas daga inda Leko ya buga d3, kuma hanyar zuwa can ta bi ta wuraren da ƙirge ke nuna farare sun yi fintinkau: baƙaƙe sun zubar da giwa, farare sun sami sarauniya. Manhajar da aka ba ɗan lokaci kaɗan za ta tsaya a tsakiyar hanya ta yi wa farare albishir. Kamar yadda aka bayyana bayan gasar, da an bar ta ta ƙara zurfafawa, da hukuncinta ya juye. Evgeny Bareev, ɗaya daga cikin mataimakan Kramnik, ya ba da labarin wannan gasa a littafin da ya rubuta tare da Ilya Levitov a 2007.

Kuskuren ke nan na mutane ne. An karɓi hukuncin na'ura kafin ya nuna, an miƙa shi ga zakara, zakara kuma ya kai shi fagen fama ba tare da ya bi shi da idonsa har ƙarshe ba. Gaggawar da ya yi don ya matsa wa agogon Leko ita ce ta hana shi tsayawa a motsi na 23, inda hanyar tsira take a buɗe. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Kramnik ya tsira da kambunsa da ƙyar. Leko ya ci gaba da jan ragama har zuwa wasan ƙarshe a ranar 18 ga Oktoba, inda canjaras kawai yake buƙata. Kramnik ya ci wannan wasa, aka tashi 7 da 7.

Bayan shekara 20

Manhajojin yau, irin su Stockfish da kowa ke iya saukewa kyauta, suna gano motsin Leko cikin ƙiftawar ido. Amma hakan bai kawar da matsalar ba, ya dai sauya mata kama. A gasar 2023 a Astana ta Kazakistan, masu bin diddigi sun gano wasu wasannin atisaye a dandalin Lichess da suka yi daidai da buɗin da Ding Liren na ƙasar Sin yake bugawa, asirin shirinsa ya tonu ana tsakiyar gasa. Duk da haka ya doke Ian Nepomniachtchi ya zama zakara. A Singafo a 2024, Gukesh Dommaraju na Indiya ya zo da babbar tawaga, cikinta har da Vincent Keymer na Jamus, wanda ɗalibin Leko ne. Amma abin da ya raba gardama a ranar 12 ga Disamba bai fito daga buɗi ba. A motsi na 55 na wasa na 14, a matsayin da ya kamata a tashi canjaras, Ding ya ajiye hasumiyarsa a f2 bisa kuskure, Gukesh ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 18. Tun da kowa yana da na'ura iri ɗaya, fifikon ya koma ga wanda ya fahimci abin da ta faɗa, ya kuma iya tsayawa da ƙafarsa idan haddar ta ƙare.

Lissafin da ya kai ɗan Shagari fadar mulki

Mutanen wannan yanki suna da nasu misalin na lissafin da aka bi har ƙarshe, kuma a fagen siyasa ya faru. A zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Agustan 1979, Alhaji Shehu Shagari na jam'iyyar NPN, tsohon malamin makaranta haifaffen garin Shagari, ya fi sauran 'yan takara huɗu yawan ƙuri'u. Sai dai doka ta ƙara wani sharaɗi: dole mai nasara ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohin ƙasar, waɗanda a lokacin 19 ne. Mutane da yawa sun riga sun tsayar da amsa a ransu cewa jiha 13 ake nufi. Shagari ya cika sharaɗin a jiha 12, a Kano kuwa ya sami kashi 19.94 cikin 100.

Lauyan NPN, Richard Akinjide, ya ci gaba da lissafin daga inda sauran suka tsaya. Ya ce kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, don haka a jiha ta 13 abin da ake buƙata shi ne rubu'in kashi biyu cikin uku na ƙuri'unta, wato kimanin kashi 16.67 cikin 100. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta ayyana Shagari, Cif Obafemi Awolowo na UPN ya garzaya kotu, a ranar 26 ga Satumba mafi rinjayen alƙalan Kotun Ƙoli suka tabbatar da zaɓen. Har yau masana shari'a suna muhawara kan wannan hukunci, kuma makamanciyar gardamar ta sake tasowa a 2023 kan matsayin ƙuri'un Abuja. Ko wane ɓangare mutum ya goyi baya, abu ɗaya ya fito fili: shugabancin ƙasa ya rataya a kan jimla guda ta doka, wadda wasu suka ɗauki fassararta a matsayin abin da aka gama, wani kuma ya zauna ya bi ta har ƙarshe.

Tsakanin hadda da fahimta

Wasan Brissago bai nuna cewa shiri aikin banza ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma Leko ma bai isa motsi na 25 ba sai da shekarun da ya shafe yana nazarin Harin Marshall, har ya san irin sadaukarwar da ke aiki a cikinsa. Bambancin yana ga irin shirin. Ɗaya ya zo da jerin motsin da aka miƙa masa, ɗayan ya zo da sanin dalilan da ke ƙarƙashin motsin.

Wannan bambanci sananne ne a ƙasar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa a Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yau, kafin ya koma Sakkwato a 1815. A makarantar zaure hadda mataki ce da ba a tsallakewa, amma ba a ce ɗalibi ya san littafi sai ya iya warware ma'anarsa, ya kuma amsa mas'alar da ba a taɓa kawo masa ba.

Darar ces tana ƙara samun karɓuwa a Najeriya. Tunde Onakoya, wanda ya kafa ƙungiyar Chess in Slums Africa a Legas a 2018 don koyar da yaran unguwannin talakawa, ya shafe sa'o'i 60 yana bugawa a dandalin Times Square na Niyok a Afrilun 2024, ya koma ya yi 64 a shekarar da ta biyo baya. Allo da 'ya'yansa ba su da tsada, makarantun Boɗinga da Shagari kuma suna da ɗalibai waɗanda iyayensu da kakanninsu suka riga suka san jeri da toshiya a kan yashi. Matashin da ke son ya amfana da wasan Kramnik da Leko zai iya jera matsayin motsi na 25 a kan allo, ya kife wayarsa, ya ba kansa rabin sa'a yana neman abin da baƙaƙe za su yi, sannan ya duba amsar na'ura ya tambayi kansa dalilin kowane motsi, da abin da zai faru idan abokin karawa ya ƙi bin hanyar.

Tambayoyin nan su ne dai waɗanda ya kamata a yi wa alƙaluman kasafin kuɗin da aka turo a WhatsApp, da ƙididdigar magoya bayan da ɗan takara ke taƙama da ita, da kundin manufofin da aka kwafo daga wata jiha, da amsar da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta bayar cikin daƙiƙa biyu. Wa ya yi lissafin? A ina ya tsaya? Nawa ne daga cikin abin da aka ƙirga zai fito ranar aiki, nawa ne kuma zai zauna a gida kamar giwar c1? Kramnik yana cikin mutanen da suka fi kowa iya lissafin dara a doron ƙasa, amma ranar da ya shiga fage da amsar da bai tantance da kansa ba, sai ga shi kayan aro bai rufe masa katara ba.